Darasi Na 14: Abin da Ke Kayar da Gwarzo a Wasan Kwaikwayo na Ban Tausayi

A darasin da ya gabata mun raba wasan kwaikwayo gida biyu, na ban dariya da na ban tausayi. Yau za mu tsaya a kan na biyun, mu yi tambaya guda: me ke sa babban tauraro, wanda muka gani a farkon wasa yana da mulki ko dukiya ko farin jini, ya ƙare a wulaƙance? Amsar da ɗalibai suka fi rubutawa a takardar jarrabawa ita ce, "Ƙaddara ce." Amsar ba ƙarya ba ce, amma ba ta cin maki, domin wanda bai taɓa buɗe littafin ba ma zai iya ba da ita. Marubuci ba ya kayar da tauraronsa haka kawai. Yakan shuka dalilan faɗuwar tun daga fitowa ta farko, a cikin maganar tauraron da abin da ya zaɓa ya yi, kuma aikin mai nazari shi ne ya bi sawu ya tono su.

Ma'aunin Aristotil

Wanda ya fara tsara wannan nazari shi ne Aristotil, malamin falsafa na ƙasar Girka, wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A ɗan littafinsa na nazarin waƙa da wasa, ya ce gwarzon wasan ban tausayi bai kamata ya zama waliyyi marar aibi ba, domin idan irin wannan ya halaka, abin takaici ne kawai, ba za mu ga dalili ba. Bai kuma kamata ya zama azzalumi tsantsa ba, domin idan azzalumi ya faɗi, cewa za mu yi Allah ya ƙara. Gwarzon mutum ne mai suna da martaba, wanda alherinsa ya fi sharrinsa, amma ya tafka wani kuskure babba da ya juya rayuwarsa. Mai kallo yakan tausaya masa saboda azabarsa ta fi laifinsa, yakan kuma ji tsoro saboda ya ga mutumin kamarsa ne.

Kalmar da Aristotil ya yi amfani da ita a Girkanci, wato hamartiya, tana da dangantaka da harbin da bai sami inda aka auna ba. Abin sha'awa, haka kalmarmu ta kuskure take: maharbi yakan kuskure barewa, ba don ba ya son samun ta ba. Ku riƙe wannan da kyau. Gwarzon ba da niyyar halaka kansa yake fitowa ba. Yana auna abin da yake gani alheri ne, kibiyar ta sauka wani wuri.

Aristotil ya ambaci wasu matakai biyu da faɗuwar take bi, kuma Hausa tana da sunan kowanne tun kafin a kawo mana littafinsa. Na farko shi ne lokacin da abin da gwarzo ya yi don tsira ya zama shi ne sanadin halakarsa. Bahaushe ya ce reshe ya juye da mujiya. Na biyu shi ne lokacin da idonsa ya buɗe ya gane gaskiya, alhali bakin alƙalami ya riga ya bushe; wannan ita ce fargar jaji.

Littafin ya isa hannun malaman Musulunci tun da daɗewa. An fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, daga baya Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya yi masa sharhi. Da yake Larabawan wancan zamani ba su da dandalin wasa irin na Girkawa, sai suka kira wasan ban tausayi yabo, na ban dariya kuma zambo. Fassarar ba ta dace sosai ba, amma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta: sai wanda ya cancanci yabo ne faɗuwarsa take sa mu kuka.

Jatau: gwarzo ba tare da rawani ba

Mu fara da na gida. Shu'aibu Maƙarfi na cikin marubutan da suka kafa rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa. An buga Zamanin Nan Namu a 1959, Jatau Na Kyallu kuma a 1960. Jatau attajiri ne, magidanci, wanda ake ganin girmansa a gari. Ya haɗu da Kyallu, mace mai zaman kanta, ya ƙudura sai ya aure ta. An gargaɗe shi, bai ji ba. Da ta shiga gidan sai zaman lafiya ya fita, iyalinsa suka watse, dukiya ta zurare, daga ƙarshe ita ma ta rabu da shi ta bar shi hannu rabbana.

Ɗalibi mai gaggawa zai ce Kyallu ce ta kayar da Jatau, ya ajiye alƙalami. To, amma wa ya buɗe mata ƙofa? Ku dubi sunan wasan kansa. Jatau Na Kyallu irin kirarin da ake yi wa namiji ne ta hanyar jingina shi ga matarsa, amma a nan kirarin ya koma habaici: mai gida ya zama mallakar wadda ya aura. Kyallu ba ta ƙwace komai da ƙarfi ba; shi ya riƙa miƙa mata, yana ganin ƙauna yake nunawa.

A nan ne za mu ga abin da, a ganina, ya fi komai muhimmanci a wannan darasi. Halin da ke kayar da gwarzo sau da yawa shi ne halin da ya ɗaukaka shi. Ba a zama attajiri sai da kafiya: mutum ya ga riba a inda wasu ke ganin hasara, ya toshe kunne ga masu cewa kada ya shiga, ya shiga ya ci. Wanda ya saba da haka shekara da shekaru, ranar da aka ce masa, "Wannan matar ba ta aure ba ce," zai ji maganar kamar sauran maganganun matsorata da ya sha ƙaryatawa a kasuwa. Ya kuma saba da cewa duk abin da ya sa wa kuɗi ya zama nasa. Kasuwa ta koya masa darasi na gaskiya, shi kuma ya kai shi inda ba ya aiki. Shi ya sa masu iya magana suka ce hali zanen dutse ne, kuma wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Wani zai tambaya, ai Aristotil ya yi maganar sarakuna da 'ya'yan manyan gidaje, yaya za a sa ɗan kasuwa a sahunsu? Amsa ita ce, ba rawani ne abin lura ba, tsawon faɗuwar ne, da yawan mutanen da suka faɗi tare da shi. Gidan attajirin Bahaushe ƙaramar masarauta ce: mata, 'ya'ya, barori, 'yan'uwa da maƙwabta duk a inuwarsa suke. Idan kuka ta faɗi, ba ita kaɗai take karyewa ba.

Don ku ga bambanci, ku kwatanta Jatau da Hayatu na cikin Uwar Gulma, wasan Mohammed Sada na 1968. Hayatu mashayi ne mai cutar matarsa Halima, har magana ta kai gaban alƙali aka raba auren. Shi ma ya yi hasara, amma ba gwarzon ban tausayi ba ne, domin tun farko ba a kan tudu muka same shi ba. Tausayinmu yana wajen Halima. Ba duk wanda ya sha wuya a wasa ne ake kira gwarzo ba.

Gaskiya ce kuma, wasannin Hausa na wancan lokaci sun fi karkata ga gargaɗi da gyaran hali, har wani lokaci wa'azin yakan danne tausayin. Wannan rauni ne idan an auna su da ma'aunin Girkawa, amma marubutan ba don Girkawa suka rubuta ba.

Odewale: fushi da harshe

Yawancinku kun karanta The Gods Are Not to Blame a ajin adabin Ingilishi. Ola Rotimi ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka buga shi a 1971. Ya ɗauko ƙashin bayan labarin daga wasan Sarki Odifus na Sofokilis, wanda aka nuna a birnin Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda kuma shi ne wasan da Aristotil ya fi kafa hujja da shi. Rotimi ya mayar da labarin ƙasar Yarbawa.

An haifa wa Sarki Adetusa na Kutuje da matarsa Ojuola ɗa namiji. Mai duba, Baba Fakunle, ya ce yaron zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Aka ba bafade Gbonka jaririn ya kai shi daji ya halaka, tausayi ya hana shi, yaron ya tashi a hannun wani maharbi a ƙasar Ijekun, da suna Odewale. Da ya girma ya ji labarin abin da aka hango masa, aka kuma shawarce shi ya zauna inda yake, sai ya gudu, don ya nisanci waɗanda yake zato su ne iyayensa. Ga reshe ya fara juyawa: gudun da ya yi don kauce wa laifi shi ne ya kai shi bakin laifin.

A Ede ya yi gona. Wata rana wani dattijo ya zo da mutanensa yana cewa gonar tasa ce. Odewale ya jure maganar gona, har ya so a yi ta da lalama. Abin da bai jure ba shi ne da dattijon ya yi wa harshensa da ƙabilarsa ba'a. Nan zuciya ta ɗebe shi, ya sare shi da fartanya. Dattijon nan Adetusa ne.

Ku tsaya ku dubi yadda marubucin ya ɗaure wannan ƙulli. Odewale ya yi kisa don kare mutuncin wata ƙabila wadda ba ma tasa ba ce, wanda ya kashe kuwa shi ne jininsa na gaskiya. Ba mai duba ne ya ɗaga fartanyar ba. Abin da aka hango ya faɗi ƙarshen tafiya ne kawai. Hanyar da aka bi aka isa can fushi ne da ƙabilanci. Daga baya ya iso Kutuje, ya jagoranci mutanen garin suka kori mayaƙan Ikolu, suka naɗa shi sarki, ya auri matar marigayi bisa al'ada, suka haifi 'ya'ya huɗu. Zafin zuciyar da ya ceci garin a fagen fama shi ne dai wanda ya yi kisa a gona. Da annoba ta sauka aka ce sai an gano wanda ya kashe tsohon sarki, Odewale ya rantse a bainar jama'a zai ƙwaƙule idon mai laifin ya kore shi. Baba Fakunle ya nuna masa cewa shi ne, sai ya ce makirci ne ake ƙulla masa don shi baƙo ne, ya zargi Aderopo, wanda a haƙiƙa ƙanensa ne, ya kore shi daga gari. Sai da tsohon abokinsa Alaka ya zo, Gbonka kuma ya tabbatar, sannan gaskiya ta fito. Ojuola ta kashe kanta, shi kuma ya cika rantsuwarsa a kan idonsa.

Me ya sa muke tausaya masa duk da girman abin da ya aikata? Domin yana son talakawansa da gaske, kuma da gaskiya ta bayyana bai nemi wanda zai ɗora wa laifi ba. Da ya yi shiru ya bar binciken, da wataƙila ya mutu a kan karaga. Naci wajen neman gaskiya ne ya tone shi, kuma wannan naci ba aibi ba ne.

Ɗalibin da ke zaune a Jos ba ya bukatar dogon sharhi a kan wannan wasa. A aji guda na makarantun garin za ka iya samun Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Ibo da Bayarabe da Bafulatani, da yawansu suna koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, kowa da irin karin harshensa. Ba wanda ya rasa sanin zafin a kwaikwayi maganarsa ana dariya. Garin kuma ya ga abin da ya faru a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010, lokacin da tambayar "kai ɗan ina ne?" ta zama ta rai da mutuwa, unguwanni suka rabu, maƙwabtan shekara talatin suka daina shiga layin juna. Rotimi ya rubuta wasansa ne yana kallon irin wannan wuta a ƙasa baki ɗaya, sunan da ya ba wasan kuma yana nufin kada a ɗora wa wasu can na nesa laifin abin da hannunmu ya yi.

Bakin mai zuga

Akwai dalili na waje da ba a rasa shi a irin waɗannan wasanni, wato mai zuga. Misalai biyu daga Shekisfiya, marubucin Ingila da ya rasu a 1616, sun isa. Makbet sarkin yaƙi ne a Sikotlan, jarumi amintacce. Wasu matsafa mata uku suka ce masa zai zama sarki, matarsa ta riƙa yi masa gorin rashin mazakuta, har ya kashe Sarki Dankan yana baƙo a gidansa. Amma abokinsa Banko ma ya ji maganar matsafan, har an yi masa albishir cewa zuriyarsa za ta yi sarauta, bai kashe kowa ba. Iri ɗaya aka watsa, gonar da ke da taki ce ta tsiro. Takin kuwa kwaɗayin mulki ne.

Otelo shi ma sarkin yaƙi ne, baƙar fata, baƙo a birnin Benis. Yaronsa Iyago ya riƙa ɗiga masa zargin matarsa Desdimona kaɗan-kaɗan, da hujjar da ba ta wuce hankici guda ba, har ya shaƙe ta ba ta san hawa ba balle sauka. Soja ne da ya saba yanke hukunci nan take, kuma a can ƙasan zuciyarsa yana shakkar ko baƙo irinsa ya cancanci wannan mace. Iyago bai ƙirƙiri raunin ba, lalubo shi ya yi. Don haka idan an tambaye ku rawar da mai zuga ya taka, kada ku tsaya ga muguntarsa. Ku nuna wace ƙofa ya samu a buɗe.

Inda ma'aunin ya gaza

Ba kowane gwarzo ne za a tusa cikin buhun Aristotil ba. Ahmed Yerima ya rubuta wasa da Ingilishi mai suna Attahiru, a kan Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya. Tarihin sananne ne. Ya hau gadon sarauta a ƙarshen 1902, sojojin Ingila suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, ya yi hijira gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, aka kashe shi a yaƙin Burmi, a cikin jihar Gombe ta yau, ranar 27 ga Yuli na wannan shekara.

Ina kuskurensa? Ba kwaɗayi ba ne, ba fushi ba, ba kuma mai zuga ne ya ruɗe shi ba. Hanyoyi uku ne a gabansa: ya miƙa wuya ya tsira da rai da rawani, ko ya tsaya ya yi yaƙi da takobi da mashi a gaban bindiga mai ruwa, ko ya yi hijira. Kowace hanya tana da malaman da suka goyi bayanta, kowace kuma tana da tsadarta. Waziri Buhari ya zauna ya yi sulhu don kare waɗanda suka rage a gari, shi ma da hujjarsa. Irin wannan gwarzo yana faɗuwa ne domin haƙƙoƙi biyu sun yi karo a kansa, kuma zamani ya zo da ƙarfin da ya fi nasa. Idan ɗalibi ya dage sai ya samo masa aibi don ya cika sharaɗin littafi, ya zalunci wasan, ya kuma zalunci tarihi.

To, ina matsayin ƙaddara ke nan? Bahaushe ya ce ƙaddara ta riga fata, shi ne kuma ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Bai ɗauki maganganun biyu a matsayin masu karo da juna ba, kuma marubutan da muka duba ma haka. A wasan Jatau hannun mutum ne ya fi bayyana, a na Attahiru ƙarfin zamani, a na Odewale an saƙa su tare har ba a iya zare ɗaya a bar ɗaya. Abin da mai jarrabawa ke nema shi ne ku faɗi wanne ya rinjaya a wasan da ke gabanku, ku kawo fitowar da ta tabbatar da haka. Wanda ya sami dama ya je ya kalli wasa a buɗaɗɗen dandalin Jami'ar Jos da ke Titin Bauchi, ya lura da lokacin da 'yan kallo suke yin tsit. Galibi a nan ne gwarzo yake yanke shawarar da ba ta da komowa.

Ma'anar wasu kalmomi

gwarzo: namijin duniya, wanda ya yi fice
kafiya: tsayawa a kan ra'ayi ba tare da sauraron kowa ba
hannu rabbana: ba tare da komai ba
habaici: magana mai harshen damo da ake nufin wani da ita
fargar jaji: ganewa bayan lokaci ya wuce
bainar jama'a: a fili, gaban kowa
lalama: lallashi da taushin magana
zuga: tunzura wani ya yi abin da bai kamata ba

Tambayoyi

1. Me ya sa Aristotil ya ce waliyyi da azzalumi duk ba su dace su zama gwarzon wasan ban tausayi ba?
2. Bayyana yadda halin da ya ɗaukaka Odewale ya zama shi ne ya kayar da shi. Kawo misali daga fitowa biyu.
3. Tsakanin Jatau da Kyallu, wa ya fi ɗaukar alhakin rushewar gidan? Kare ra'ayinka a sakin layi biyu.
4. Yi amfani da waɗannan a cikin jumlolinka: reshe ya juye da mujiya, bakin alƙalami ya bushe, ba ta san hawa ba balle sauka.
5. Aikin rukuni: ku nemo labarin wani sarki ko jarumi da ya faɗi daga tarihin al'ummarku, ku rubuta fitowa guda da Hausa, wadda za ta nuna lokacin da aka ba shi shawara ya ƙi ji. Ku gwada ta a gaban aji mako mai zuwa.